Faranti Mai Ɗinki

"Ɗauke shi daga kan teburina."

"Ba inda zan kai shi."

"Yaya, na ce ki ɗauke abin nan tun ban yi abin da garin nan zai kwana yana zancensa ba."

"Wane garin? Tsofaffi da karnuka? Yi mana, mu ma mu sha kallo."

Perpétua ce tsaye a bakin murhu, hannu ɗaya a ƙugu, ɗayan riƙe da ludayin da ta manta yana hannunta. Yayarta Umbelina kuwa ta dogara da sanda a gefen tebur tana haki, don tun da ta zame a lambu ta karya cinya, tsallako titi daga ƙofarta zuwa ta ƙanwarta ya zame mata doguwar tafiya.

A tsakaninsu, kan tebur, ga farantin. Babban farantin tangaran na uwarsu, mai furanni. An kwance ƙyallen da ake ɗaure shi da shi, an ninke a gefe. Babu komai a ciki. Ko ƙwayar zaitun ɗaya.

"Tun muna da haƙoranmu muke wannan abu," in ji Perpétua. "Na taɓa aiko miki da shi wayam? Ko lokacin da kika tsaya a bakin rijiya kika gaya wa duk masu wanki cewa mijina ya fi sanin hanyar kantin giya da hanyar gidansa?"

"Ƙarya na yi?"

"Ba shi na tambaye ki ba!"

Gobe da safe ne Hermínio, ɗan Umbelina tilo, zai sa uwarsa a mota ya tafi da ita Faransa, inda yake aikin gini tun yana saurayi. Ya ce ba zai sake barin ta ita kaɗai ba, ta kwana a ƙasa cikin kabeji ba wanda ya sani. Za a rufe gidan, a bar makulli. Wannan kowa ya ji, kuma Perpétua ta haɗiye shi. Abin da ya ƙi haɗiyuwa shi ne farantin.

A ƙauyenmu na yankin Alentejo ko yarinyar da ba ta iya ɗaurin ɗankwali ba ta san faranti ba ya komawa wayam gidan da ya fito. An kawo miki wake, ki mayar da ƙwai biyu. Ba ki da ƙwai, ki sa ɓaure. Ba ki da ɓaure, ki tsinko ganyen na'a-na'a a bayan ɗaki. Wadda ta wanke faranti ta mayar da shi haka nan, ta ce ke nan, "Ni da ke mun gama." Sau ɗaya aka taɓa yin haka a layin nan, marigayiya Balbina ce ta yi wa surukarta, kuma har aka binne su duka biyun ba su sake gaisawa ba. Kabarinsu ma sai da aka raba musu layi.

Shi wannan faranti ya girmi duk wani mai numfashi a ƙauyen. Masu zuwa girbin alkama daga arewa ne suke saukowa da irinsa a cikin buhu, an naɗe da tattaka, su musanya da tsofaffin tufafi. Kakarsu ta ba da tsohuwar rigar sanyin mijinta, shi kuwa bai sani ba sai da sanyi ya shigo, aka ba ta wannan babban da wasu ƙanana. Fari ne amma ba fari tas ba, kamar madarar da ta kwana. A tsakiya babban fure shuɗi mai ido ruwan ɗorawa, ganyaye kore sun fito masa ta ko'ina, a baki kuma ƙananan furanni ruwan ƙasa sun zagaye. Wanda ya zana shi da hannu ya zana, kuma da sauri, don wani ganyen ya fi wani ƙiba.

Da uwarsu ta rasu aka zo rabo, ƙananan suka rabu daidai, babban ya yi saura. Umbelina ta ce ita ce babba. Perpétua ta ce ita ce ta yi jinya. Maza suka ce a jefa ƙuri'a, ba wadda ta saurare su. Wannan ta kama gefe, waccan ta kama gefe, ana cikin baƙaƙen kaya, furannin kabari ko bushewa ba su yi ba, sai ji aka yi ƙas! Kowacce ta tsaya da rabi a hannu. Masu leƙe ta taga sun ce ranar kunya ta hana su ko kuka.

Mai wasa wa mutane wuƙa da almakashi, da ke yawo da 'yar sarewarsa, shi ya ɗinke shi. Ya huda bayan da ɗan ƙarfe mai tsini, ya ɗaure ɓarin biyu da guntayen waya, ya shafe da farar ƙasa. Da ya gama bai tambayi na wace ce ba. Ya miƙa wa Perpétua don ita ce kusa. Ita kuma da yamma, don kunya, ta zuba soyayyen burodi mai sukari ta tsallaka da shi. Bayan kwana biyu ya dawo da cuku. Shi ke nan. Ba a zauna an yanke ba, ba a kira fadan coci ya raba ba. Faranti ya zama na wadda ba ya hannunta, don wadda yake hannunta kullum tunanin abin da za ta zuba take yi.

Ɗinkin ba ya riƙe ruwa, don haka miya ba ta taɓa shiga cikinsa ba. Amma ban da miya, me bai ɗauka ba? Ya ɗauki kaza ranar da aka haifi Hermínio. Ya ɗauki burodi da dafaffen ƙwai ranar da mijin Perpétua ya rasu, lokacin da ba a hura wuta a gidan makoki. Har shekarun da suka yi gaba a kan wani icen zaitun da ke kan iyakar gona, bai daina tsallaka titi ba. A bakin ƙofa ake ajiye shi, a ƙwanƙwasa, a juya. Perpétua ta taɓa aika lemu uku masu tsamin da ke sa jaki hawaye. Umbelina ta mayar da kan kifi, idonsa a buɗe yana kallon sama. Amma wayam? Ko a mafarki.

"Saurara, ke mai kan alfadari," in ji Umbelina. Ta ja kujera ta zauna da ƙyar. "Me zan zuba? Noémia ta kwashe tukwanena tun jiya ta cusa a kwali. Murhuna ya mutu. Kajin an ba maƙwabciyarki Custódia."

"Icen ɓaurenki ma matar ɗan naki ta sa shi a kwali?"

Umbelina ta kau da kai.

"Na ce icen ɓauren ma ya tafi Faransa? Daga nan ina hango shi, har rassa sun sunkuyo."

"To, da gangan na yi. Kin ji daɗi?" Ta buga sanda a ƙasa. "In na zuba ɓaure, ke kuma sai ki zuba wani abu ki mayar. Ki mayar wa wa? Ƙofa a kulle? Ki ajiye wa kyanwa? Na kawo miki shi ne ya zauna. Naki ne. Ba abin da kike so ke nan ba tun ranar da kika kusa cire mini yatsa a kansa? Ga ƙusar can da kika kafa masa a saman murhu, kina tsammanin ban taɓa ganinta ba? Ta yi tsatsa tana jira. Rataye shi."

"Ba a ba ni kyauta da zagi."

"Ba zagi ba ne, Perpétua." Muryar ta sauka. "Na haura tamanin. Kin taɓa ganin wadda aka tafi da ita a shekaruna ta dawo a zaune? A kwance ake dawo da mu, cikin doguwar mota. Ba na so in tafi da abin wani a hannuna. A rufe zancen nan yau, ido na ganin ido."

Perpétua ta ɗaga ido ta dubi ƙusar. Ta juya ta shiga motsa tukunyar da ba ta buƙatar motsi.

Umbelina ta jira. Da ta ga ba amsa, ta miƙe a hankali, ta lallaba zuwa ƙofa. Matar da a zamaninta in ta buga ƙofa sai tantabarun coci sun tashi, yau a hankali ta ja ta, har sai da sakata ta yi ɗan ƙara kamar tari. Wannan ya fi komai yi wa Perpétua ciwo.

Ta daɗe ba ta waiwayi teburin ba. Ta ci abincinta a tsaye. Ta share ɗakin da ta riga ta share. Can da la'asar, da rana ta karkato ta shigo ta ƙofa, sai ta ce a ranta, to, ai nata ne, wa zai hana ta? Ta ɗauko waya ta lanƙwasa masa maratayi, ta taka kujera, abin da likita ya hana ta, ta rataye shi a ƙusar nan, tsakiyar ƙananan da suka zo mata a rabo. Ta sauko ta ja da baya ta zauna.

Ya yi kyau. Ƙarya ne a ce bai yi ba. Hasken yamma ya kama furen, shuɗin ya fito kamar yanzu aka zana. Sai ta lura da abin da ba ta taɓa lura da shi ba: a gefen ganye ɗaya akwai ɗan ɗigon kore, inda fenti ya ɗiga wa mai zanen bai goge ba. Duk tsawon shekarun nan ba ta san da shi ba. Ina za ta sani? Ba ta taɓa zama ta kalli farantin nan ba. In ya zo, abinci ya rufe furen. In ta wanke, ta kife shi, hankalinta ya tafi kan abin da za ta mayar, da yadda za ta fi yayarta.

Ta dubi ƙananan da ke gefensa. Wancan na cin abincin babansu ne. Wancan uwarsu ke yanka cuku a kai. Tun da aka rataye su ba wanda ya sake ci a cikinsu, sai dai a sauke su kafin Ista a wanke a mayar. Duk farantin da ke bangon nan, mai shi yana maƙabarta. Ga na Umbelina ya hau, alhali tana can tsallaken titi, ana jin muryarta tana yi wa Noémia faɗa a kan yadda ake ninke bargo.

Perpétua ta sake taka kujerar. Ta sauke shi, ta warware wayar, ta jefa cikin toka.

Gari bai gama wayewa ba ta ƙwanƙwasa wa Custódia, maƙwabciyarta mai awaki.

"Madara nake so, ta yanzu. Da ƙwai."

"Ƙwan kajin yayarki?" Custódia ta leƙo, ido ƙyar a kanta. "Wa ke aure?"

"Uwarki."

"Allah ya ji ƙanta, da ta so haka. An ce jiya an kawo miki faranti a ɗaure, amma mai ɗauke da shi kamar ba ta jin nauyi."

"An ce, an ce. Wata rana tagar nan za ta faɗo miki a wuya. Miƙo madarar."

Shinkafar madara abincin biki ce. Ita ake rabawa gida-gida in za a yi aure, ita ake yi ranar baftisma. Ba a yin ta don ban kwana, kuma Perpétua ta sani sarai. Ta dafa shinkafar da ɓawon lemun tsami da ɗan gishiri har ta fashe, ta riƙa zuba madara kaɗan-kaɗan tana juyawa, ba ta saki muciya ba ko da kafaɗarta ta fara zafi. Ta sa sukari. Ta sauke, ta kaɗa gwaiduwar ƙwai ta zuba a siririce don kada ta yi gudaji. Ta bar ta ta yi kauri fiye da kullum, saboda ɗinkin. Sannan ta juye a farantin, ta baje, furen ya nutse.

Saura kirfa. Uwarsu da yatsu biyu take ɗibar garin, ta zana reshe da ganye a kan shinkafar kamar mai ɗinkin hannu. Yatsun Perpétua sun kumbura. Ta dai yi fure a tsakiya, daidai inda na ƙasan yake. Ya karkace, ganye ɗaya ya fi sauran ƙiba, kirfa ta ɗiga a gefe. Ta bar shi haka.

Lokacin da ta fito, motar Hermínio tana ƙofar gida, an buɗe bayanta ana cusa kaya. Matan layi kuwa, abin mamaki, duk a safiyar nan ce kowacce ta ga ya kamata ta share ƙofar gidanta. Tsintsiya ta tsaya cak a hannun kowa. Perpétua ta tsallaka titi da faranti a hannu biyu, a buɗe, ba ta rufe shi ba, don duk mai ido ya gani.

"Inna, sa mini albarka," in ji Hermínio, ya cire hula. Ita ta riƙe shi ranar baftismarsa, har gobe kuma tsoronta yake ji.

"Allah ya yi maka, ɓarawon tsofaffi. Matsa."

Ɗakin ya zama kango. An sauke hotuna, sai farin gurbinsu a bango. Umbelina tana zaune kan kujera ɗaya da ta rage, cikin baƙar rigarta ta zuwa coci, da takalmin da ke matse ta, jaka a gefe, kamar mai jiran a kira ta wurin likita. Perpétua ba ta yi gaisuwa ba. Ta je ta ɗora mata farantin a cinya. Da ɗuminsa. Dole Umbelina ta saki sanda ta tare shi, sandar ta faɗi ƙasa.

"Mene ne wannan?"

"Makancewa kuma kika yi?"

"Na ce miki a rufe zancen."

"Ke kika ce. Ni ban ce ba."

Noémia ta shigo da kwali a hannu, ta tsaya. "Kai, Inna Perpétua, an gode, amma ina za mu sa wannan? Tafiyar yini biyu ce fa. Ga kujerun motar sababbi. Bari in juye a roba, a bar miki farantin."

"Taɓa shi ki gani," in ji Perpétua, ko kallonta ba ta yi ba. "Cinyarta ba sabuwa ba ce. A nan zai zauna."

Noémia ta dubi mijinta. Mijin ya dubi rufin ɗaki.

Umbelina ta sunkuyar da kai tana kallon furen kirfa. Da ta yi magana, a hankali ta yi, yadda 'yan bakin ƙofa suka sha wuya kafin su ji.

"Ba zan dawo ba, ƙanwata. Kin sani."

"Wa ya ce ki dawo? Ni na gaji da ganin fuskarki tun ina cikin zani. Farantina nake so. Watan Agusta, lokacin bikin coci, duk 'ya'yan garin nan da ke Faransa suna zuwa su cika mana gari da hayaniya, wannan ɗan naki ma yana zuwa. A kawo mini abina. Kuma ba aike ba. Hannun da na ba, shi zai miƙo mini."

"In kuma Ubangiji ya riga Agusta?"

"Sai ki gaya masa ya dakata, kina da farantin mutane a hannu. Ke da kika iya yi wa fada gardama a tsakiyar coci, shi ne za ki kasa?"

Hermínio ya yi wani ƙara, ba a san dariya ba ce ko kuka, ya juya ya fuskanci bango.

Umbelina ta sa ɗan yatsa a gefen shinkafar, can baki inda ba zai ɓata zanen ba, ta lakato ta kai baki. Ta tauna da 'yan haƙoran da suka rage.

"Ta kama a gindi."

"Ƙarya kike."

"Ina jin ƙauri. Kullum sai kin cika wuta. Furen kuma kamar kaza ta taka."

"To ba ni abina."

Umbelina ta ƙara riƙe bakin farantin da hannu biyu, yatsunta suka sauka kan wayoyin ɗinkin da ke ƙasa. Ba ta miƙa ba.

"Hermínio," ta ce, "buɗe kwalin can na kusa da ƙofa. Akwai farin ƙyalle mai bakin shuɗi. Kawo a ɗaure, kada ƙura ta shiga." Ta ɗago ta dubi ƙanwarta, idanun sun cika amma ba su zubo ba. "Me suke da shi ma a can da mutum zai zuba? An ce ɓaurensu kamar auduga yake."

"Ko tsakuwa ce ki zubo. Ki dai kuskura ki kawo shi wayam."

Hermínio ya kawo ƙyallen. Umbelina ta shimfiɗa shi a kai, ta haɗa kusurwoyin, tana ƙoƙarin ƙullawa, yatsun suna kucce mata. Perpétua ta ga haka, hannunta har ya ɗaga zai taimaka. Sai ta janye shi, don ta san in ta ƙara numfashi ɗaya a ɗakin nan kuka zai ƙwace mata, a gaban Noémia, a gaban duk masu tsintsiya.

"Agusta," ta ce, da wata murya da ba tata ba. "Kuma ki wanke shi da ruwan ɗumi, ba tafasasshe ba, kin san ɗinkin."

Ta juya, ta ture Hermínio daga hanya, ta fita, ta finciko ƙofar ta buga ta da duk ƙarfin da ya rage mata, har farar ƙasa ta zubo daga saman dokin ƙofa, tantabarun coci suka tashi.